Gudun Jini a Hantar Tsoho: Sharhi a Kan Hujjar da Ake Koyarwa

1.0 GABATARWA

Akwai jimla guda da kusan kowane littafin ilmin jikin ɗan Adam da na ilmin magunguna yake ɗauke da ita idan an zo babin tsufa, watau cewa jinin da ke ratsa hanta yana raguwa da shekaru, saboda haka wajibi ne a rage wa tsoho magani. Wasu littattafan sukan ɗora lamba a kan jimlar, su ce raguwar takan kai kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari. Wasu kuwa su ce tsakanin kashi 0.3 da kashi 1.5 cikin ɗari ne a kowace shekara. Daga littafi sai jimlar ta hau allo, daga allo ta shiga takardar jarrabawa, daga nan kuma ta bi ɗalibi zuwa ajin da zai koyar ko ɗakin shan maganin da zai yi aiki.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu koma ga binciken da ya haifi wannan jimla, mu duba yadda aka yi shi, mu ware abin da ya tabbatar daga abin da ya ɗauka bisa zato. Matsayinmu shi ne raguwar gaskiya ce, amma lambar da ake maƙala mata ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba, kuma bayanin da ake yi na dangantakarta da magani ragagge ne. Tambayar "jini nawa ne ke wucewa ta hanta" ta daɗe tana danne wata tambaya da ta fi ta muhimmanci, watau "nawa ne daga abin da jinin ya ɗauko yake isa ga ƙwayoyin hanta". Wannan ba gardamar masana ba ce kurum, domin a ƙarshenta akwai dattijo da ƙwayar magani a tafin hannunsa.

2.0 YADDA JINI KE SHIGA HANTA

Kafin mu shiga sharhi, ya kamata mu tuna wa juna tsarin da ake magana a kai. Hantar baligi tana da nauyin kimanin kilo ɗaya da rabi, watau wajen kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, amma tana karɓar kusan rubu'in jinin da zuciya ke turowa, kimanin lita ɗaya da rabi a kowane minti. Jinin yana shigo mata ta hanya biyu. Ta farko ita ce jijiyar ƙofa, wadda ke tattaro jinin da ya riga ya zagaya ciki da hanji da saifa, ɗauke da abincin da aka narkar da duk maganin da aka haɗiya. Ita ke kawo kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na jinin. Ta biyu ita ce jijiya mai bugu, wadda ke kawo ragowar daga ɓangaren zuciya da ƙarfi, cike da iskar oksijin. Duk da bambancin yawansu, kowace daga cikinsu takan ba hanta kusan rabin oksijin da take bukata.

A cikin hanta jinin nan biyu suna haɗuwa su gauraya a wasu ƙananan magudanai da za mu kira lungunan jini, waɗanda ke ratsawa tsakanin jerin ƙwayoyin hanta kamar yadda ruwa ke bi tsakanin fangali da fangali a lambu. Daga lungunan sai jini ya taru a jijiyoyin mafita ya koma zuciya.

Abu guda ya kamata a riƙe a nan: hanta ba ta da iko a kan yawan jinin da jijiyar ƙofa ke kawo mata. Abin da hanji da saifa suka sako shi take karɓa. Ikonta yana kan jijiya mai bugu ne, wadda takan buɗe idan jinin ƙofa ya ragu, ta tsuke idan ya ƙaru. W. W. Lautt na ƙasar Kanada shi ya raɗa wa wannan tsari suna a 1981, kuma cikon da yake yi bai cika maye gurbin duk abin da aka rasa ba. Har ila yau gudun jinin hanta ba tsayayyen abu ba ne ko a jikin mutum ɗaya: yana ƙaruwa bayan cin abinci, yana raguwa idan mutum ya miƙe tsaye ko yana aikin ƙarfi.

3.0 YADDA AKA AUNA

Ba a iya sa mudu a bakin jijiyar mutum mai rai, don haka sai aka bi ta bayan gida. A 1945 Stanley Bradley da Franz Ingelfinger da abokan aikinsu a Amurka suka yi amfani da ƙa'idar da Bajamushe Adolf Fick ya shimfiɗa tun 1870. Suka riƙa ɗura wani rini a jini wanda hanta ce ke tsame shi, suka zura siririn bututu har cikin jijiyar mafita, suka auna yawan rinin kafin jini ya shiga hanta da bayan ya fito. Idan aka san yawan rinin da ke ɓacewa a minti, aka kuma san kason da hanta ke tsamewa daga jinin da ya ratsa ta sau ɗaya, to lissafi zai ba da yawan jinin da ya wuce. Wannan kaso shi za mu kira rabon tsamewa. Da wannan hanya ce aka samo lita ɗaya da rabi ɗin da muka ambata.

Hanyar tana da kyau, amma zura bututu cikin jijiyar lafiyayyen tsoho don bincike kawai abu ne da ba a yarda da shi cikin sauƙi. Saboda haka binciken da aka fi kafa hujja da shi a kan tsufa ya ɗauki gajeriyar hanya. Shi ne na Hilary Wynne da abokan aikinta a birnin Niyukasil na Ingila, wanda mujallar Hepatology ta buga a 1989. Sun tara mutum 65 masu lafiya, daga ɗan shekara 24 zuwa ɗan shekara 91. Suka auna girman hantar kowa da na'urar hoton ciki mai aiki da amo, sa'an nan suka yi wa kowa allurar wani koren rini mai suna indosayanin, suka bi yadda yake ɓacewa daga jinin hannu. Sakamakon ya nuna girman hanta yana raguwa da shekaru, gudun jini ma haka, ko an auna su kai tsaye ko an daidaita su da nauyin jiki. Sun kuma ga alamar cewa jinin da kowane yanki na hanta ke samu shi ma yana raguwa, watau jinin ya fi hantar saurin ja da baya.

Ya kamata a ba wannan aiki haƙƙinsa. An yi shi a kan mutane masu rai kuma masu lafiya, ba gawa ba, ba majinyata ba. Ya haɗa girma da gudun jini a jikin mutum ɗaya. Kuma marubutansa sun yi gaskiya, domin tun daga kan takardar sun kira abin da suka auna gudun jini "na zahiri", suka kuma faɗi zaton da suka dogara a kai. Laifin da za mu nuna ya fi rataya a wuyan waɗanda suka kwashi sakamakon suka bar sharaɗin a baya.

4.0 SHARHI

4.1 Zaton da aka gina lissafin a kansa

Tunda ba a zura bututu ba, ba a auna rabon tsamewa a jikin kowa ba. An ɗauka ne cewa hantar ɗan shekara 90 tana tsame kason rini daidai da na hantar ɗan shekara 25. A nan ne gizo ke saƙa, domin abin da ake son a gano shi ne yadda tsufa ke sauya hanta, sai ga shi an fara da ƙaddara cewa tsufa bai taɓa ɗaya daga manyan ayyukanta ba.

Bari mu buga misali da lambobin da muka ƙaga don bayani kawai. A ƙaddara saurayi yana da gudun jini mililita 1,500 a minti, hantarsa kuma tana tsame kashi 80 cikin ɗari na rinin. Ke nan a kowane minti tana wanke mililita 1,200. A ƙaddara kuma an auna tsoho an ga hantarsa tana wanke mililita 800 kacal. Idan muka riƙe cewa shi ma kashi 80 yake tsamewa, sai mu ce gudun jininsa 1,000 ne, ya ragu da sulusi. Amma idan hantarsa kashi 64 take tsamewa, to gudun jininsa 1,250 ne, raguwar ta koma sudusi. Awo ɗaya ne, amsa biyu, kuma babu abin da ke cikin jinin hannu da zai raba gardamar.

Daɗin daɗawa, kuskuren yana iya karkata ta kowane gefe. Idan jini ya rage gudu, yakan daɗe a lungunan hanta, ƙwayoyin su sami sararin tsame kaso mafi yawa. Wannan zai sa a raina raguwar. Idan kuwa wani shamaki ya shiga tsakanin jini da ƙwayoyin, kason zai faɗi. Wannan zai sa a zuzuta ta. Kamar yadda za mu gani a kashi na 5.0, an gano irin wannan shamaki daga baya.

Abin da ya ceci ainihin maganar shi ne an sake aunawa ta wata hanya dabam. Marco Zoli da abokan aikinsa a Bolonya ta Italiya sun yi amfani da na'urar amo mai auna saurin jini a cikin jijiyoyin kansu, a 1989 da kuma 1999, suka ga raguwar tana nan, ta fi kuma bayyana bayan shekara 75. Ita ma wannan hanya tana da nata rauni, domin ɗan kuskure a awon faɗin jijiya ko a kusurwar da aka riƙe na'urar yakan girma a cikin lissafi. Amma idan hanyoyi biyu masu rauni daban-daban suka nuna alƙibla ɗaya, hankali zai kwanta da alƙiblar. Abin da bai kamata ya kwanta da shi ba shi ne lambar. Wanda ya ce raguwar tana tsakanin 0.3 da 1.5 a shekara ya ba da iyakoki biyu da ɗaya ta ninka ɗaya sau biyar, kuma ya sa mai karatu ya zaci gangara ce miƙaƙƙiya, alhali awon Bolonya ya nuna ta fi tsanani a ƙarshen rayuwa.

4.2 Tsohon da saurayin ba mutum ɗaya ba ne

Duk waɗannan bincike sun jera mutane daban-daban masu shekaru daban-daban a lokaci guda, suka ja layi ta tsakaninsu. Ba a bi mutum ɗaya daga ƙuruciya zuwa tsufa ba. Ɗan shekara 91 na binciken Niyukasil an haife shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya girma da abinci da cututtuka da aikin wancan zamani. Ɗan shekara 24 kuwa ɗan shekarun 1960 ne. Bambancin da ke tsakaninsu ya haɗa tsufa da tarihi, kuma layin ba zai iya raba su ba. Bugu da ƙari, wanda ya kai 90 da ƙoshin lafiyar da za a ɗauke shi a bincike zaɓaɓɓe ne a cikin tsaransa, mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya ko suna kwance.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Hantar da aka auna hanta ce da ta tsufa ba tare da wata cuta ta taɓa ta ba. A Nijeriya kuwa babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma sai a 2004 allurar rigakafinsa ta shiga jerin na yara, ke nan dattawanmu na yau ba su same ta a yarinta ba. Wannan ciwo yakan bar tabo a hanta a hankali, tabon kuma ya takura hanyar jini. Haka nan tsargiyar hanji, wadda ta yi ƙaurin suna a gonakin ban ruwa na Jazira a Sudan inda Hausawa da yawa suke zaune, ƙwayayenta sukan maƙale a rassan jijiyar ƙofa su taurara su, jini ya nemi wata hanya ya kauce wa hanta, alhali ƙwayoyin hantar suna nan da sauran ƙarfinsu. A jikin irin wannan dattijo, shekaru ɗaya ne kawai daga abubuwan da suka taɓa gudun jininsa, kuma lambar Niyukasil ba ta ƙunshi sauran ba.

4.3 Wanne ya riga, ƙanƙancewa ko ƙarancin jini?

Littattafai sukan jera abubuwan biyu kamar tagwaye: hanta ta ragu da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, jini ma ya ragu. Ba su cika tambayar wanne ne sanadin wanne ba. Mai karatu yakan ɗauka cewa hanta ce ta ƙanƙance, don haka take bukatar jini kaɗan. Amma mun riga mun ga cewa hanta ba ta yin odar jinin ƙofa. Tun 1920 Peyton Rous da Louise Larimore suka nuna a jikin zomaye cewa idan aka ɗaure reshen jijiyar ƙofa, ɓangaren hantar da ya rasa jini yakan motse, ɗaya ɓangaren kuma ya girma. Likitocin fiɗa na yau suna amfani da wannan da gangan: sukan toshe reshen da ke ciyar da ɓangaren da za a yanke, don ragowar ta girma kafin ranar aiki. Wannan ya ba da dalili mai ƙarfi na ganin cewa ƙarancin jinin da ke fitowa daga hanji yana iya zama sanadi, ƙanƙancewar kuma sakamako. Binciken da ya auna su a rana ɗaya ba zai iya yanke hukunci ba, kuma bai yi da'awar ya yanke ba.

4.4 Tsallen da ake yi daga jini zuwa magani

Nan ne jimlar littafi ta fi rauni. A 1975 Grant Wilkinson da David Shand suka raba magungunan da hanta ke sarrafawa gida biyu. Akwai waɗanda hanta ke tsame fiye da kashi 70 cikin ɗari nasu a wucewa ɗaya, kamar furofiranolol na hawan jini da bugun zuciya, da lidoken, da mofin. Fitar waɗannan daga jiki ta dogara ga yawan jinin da ya kawo su. Akwai kuma waɗanda take tsame ƙasa da kashi 30, kamar wafarin mai hana daskarewar jini da fenitoyin na farfaɗiya. Su ba ruwansu sosai da gudun jini, ƙarfin ƙwayoyin hanta ne ke musu iyaka. Ke nan tun daga farko jimlar ba ta hau kan kowane magani ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Ko a gida na farko, hukuncin allura daban yake da na haɗiya. Maganin da aka ɗura a jijiya yana shiga jiki duka, sa'an nan jini ya riƙa kai shi hanta kaɗan-kaɗan. Idan jinin ya ragu, maganin zai daɗe. Wanda aka haɗiya kuwa dole ya bi ta jijiyar ƙofa ya ratsa hanta kafin ya isa ko'ina. Idan jini ya rage gudu, hanta za ta tsame kaso mafi yawa a wannan wucewa ta farko, kaɗan ya tsira. Amma wanda ya tsira zai daɗe kafin a fitar da shi. Bisa lissafin Wilkinson da Shand, abubuwan nan biyu suna soke juna, har jimlar maganin da jiki ke gani bayan haɗiya ba ta dogara ga gudun jini ba, sai ga ƙarfin hantar kanta.

To amma C. M. Castleden da C. F. George sun nuna a 1979 cewa tsofaffin da suka haɗiyi furofiranolol sun fi matasa tara shi a jini. Idan ƙarancin gudun jini kaɗai ba zai haifar da haka ba, ke nan akwai wani abu da ya ragu a cikin hantar: ko yawan ƙwayoyinta, ko ƙarfin sinadaran da ke cikinsu, ko kuwa hanyar da magani ke bi ya kai gare su. Shawarar a yi hattara da maganin tsoho daidai ce, amma dalilin da aka rataya ta a kai bai ɗauke ta ba, musamman ga ƙwayar haɗiya, wadda ita ce mafi yawan abin da dattawanmu ke sha.

5.0 RARIYAR HANTA

Manomin rani ya san cewa cikar babbar hanyar ruwa ba ita ce shan shuka ba. Idan bakin fangali ya toshe da laka, ruwa zai wuce ya bar tumatir da ƙishi. Haka abin yake a hanta. A 1970 Eddie Wisse ya nuna da madubin ilektron cewa bangon lungunan jini na hanta huje yake da ƙananan ramuka a jere kamar rariya, faɗin kowane kimanin nanomita 100 zuwa 150, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Babu shimfiɗa a ƙarƙashin bangon irin wadda ke ƙarƙashin ƙananan jijiyoyin sauran gaɓoɓi. Ta waɗannan ramuka ruwan jini ke fita, da magani da maiƙon abinci da insulin, ya shiga wani ɗan sarari ya taɓa ƙwayoyin hanta kai tsaye, ƙwayoyin jini kuwa su wuce.

A 2001 David Le Couteur da Allan McLean da abokan aikinsu a Ostireliya suka ba da rahoton cewa a hantar tsofaffin ɓeraye bangon ya yi kauri, ramukan sun ragu, zaren kolajin kuma ya fara taruwa a sararin da ke bayansa. A 2003 suka nuna irin wannan a hantar mutane, an kuma gan shi a wasu dabbobin. Ma'anar wannan ga batunmu a fili take: tsufa yana rage jinin da ke shigowa, yana kuma rage abin da ke ƙetarawa daga jinin zuwa ƙwayoyin. Zaton da binciken 1989 ya tsaya a kai, cewa rabon tsamewa ba ya sauyawa, ya gamu da dalilin shakka da ido ke iya gani.

Ita ma wannan makaranta ba ta fi ƙarfin sharhi ba. Mafi yawan gwaje-gwajen da suka auna abin da ke ƙetare rariyar a kan dabbobi aka yi su, kuma ganin rami ya toshe a madubi daban yake da sanin yawan maganin da ya hana wucewa a jikin mutum. Ra'ayin da Le Couteur da McLean suka gabatar a 1998, cewa shamakin yana hana oksijin isa ga ƙwayoyin har ya raunana sinadaran da ke bukatarsa, su da kansu a matsayin hasashe suka kawo shi, kuma haka ya kamata a koyar da shi.

Wani bincike na 2022 daga ɗakin Olaf Bergmann a Diresdin ta Jamus ya ƙara wa batun armashi. Ta hanyar auna sinadarin kabon 14 da gwajin bama-baman nukiliya ya bari a iska, an gano cewa ƙwayoyin hanta suna sabunta kansu har matsakaicin shekarunsu bai kai uku ba, ko a jikin saurayi ko a jikin tsoho. Mai gaggawa zai ce ashe hanta ba ta tsufa, ya kafa hujja da cewa gwajin jinin hanta na asibiti yakan fito lafiya a jikin lafiyayyen tsoho. Amma sabuwar shuka a tsohon lambu ruwan tsohuwar hanya take sha, kuma gwajin asibitin ɓarnar ƙwayoyi yake nunawa, ba ya auna gudun jini balle ramukan rariya.

6.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata muna iya tsayar da abubuwa huɗu. Na farko, jinin da ke ratsa hanta yana raguwa da shekaru. Hanyoyin awo daban-daban sun yi ittifaƙi a kan haka. Na biyu, lambar da ake yawan faɗa ta fito ne daga ƙananan rukunoni na lafiyayyun Turawa, ta hanyar lissafin da ya dogara ga zato, don haka matsayinta na ƙiyasi ne, ba ma'aunin da za a ɗora wa kowane tsoho ba. Na uku, raguwar tana bayyana daɗewar wasu magungunan allura, amma ba ta isa ita kaɗai ta bayyana taruwar maganin haɗiya ba. Na huɗu, sauyin da ke faruwa a bangon lungunan jini ya cancanci matsayi a darasi daidai da na gudun jinin kansa.

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai masu horar da malaman kimiyya da na kiwon lafiya ita ce kada a ba ɗalibi lambar ba tare da hanyar da aka samo ta ba. Misalin saurayi da tsoho da muka buga a 4.1 ba ya cin fiye da minti goma a allo, kuma ɗalibin da ya yi lissafin da hannunsa zai fahimci bambancin abin da aka auna da abin da aka ƙaddara, darasin da zai amfane shi a kowane babi na kimiyya. Ga masu fassara littattafan kimiyya zuwa Hausa kuma, muna roƙon a kiyaye kalmomin sharaɗi irin su "na zahiri" da "bisa zaton cewa", domin su ne suka fi saurin zubewa a hanya, kuma da zarar sun zube sai ƙiyasi ya koma hukunci.

Ga dattijo mai shan magani kuwa, ƙa'idar da likitocin tsofaffi suka daɗe suna bi tana nan daram: a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, a riƙa duba mutumin. Shekarunsa suna nuna inda za a sa ido ne kawai. Tarihin hantarsa, da irin maganin, da hanyar da za a ba shi, su ne za su faɗi yawan da ya dace.